Rawar Layin Ƙarshe

Banikanni, Parakou
14 ga Afirilu

Yaya Hamissou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun yi ƙaramar sallah lafiya, kai da Lauratu da 'yata Hafsatou. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa ko kaji ba sa fitowa tsakar gida. Maigida yana nan yadda ka bar shi bara. Gefensa na dama bai motsa ba, amma yana cin abinci, kuma bakinsa bai mutu ba. Autata Halimatou ta ce har yanzu yana faɗa da rediyo. Ni dai Allah ya hutar da ni jin wannan.

Bachir direba ya kawo wasiƙarka ranar Talata. Tun da na karɓi ambulan na ji ba nauyi. Na buɗe, shafi ɗaya, shi ma bai cika ba. Haba Yaya! Kai da ka saba cika min shafi huɗu, har da labarin wanda ya yi atishawa a sahun gaba ranar Juma'a? Ko takarda ta yi tsada a Djougou ne in aiko maka?

Ka san ba ni da wani rediyo sai kai. Shekara arba'in ke nan tun da sanƙarau ya tafi da kunnuwana, kuma duk abin da na sani na duniya rabinsa daga hannunka ya fito. Mutanen gidan nan suna ƙoƙari. Ina karanta leɓɓansu, suna yi min nuni da hannu, amma duk maganarsu ta ci ce da sha da ina kika ajiye makulli. Hira kuwa, irin wadda mutum zai yi dariya shi kaɗai yana tankaɗe, sai ranar da motar Bachir ta iso.

Halimatou ta nace sai mun riƙa kiranka a waya ina ganin fuskarka. Ai mun gwada ranar sallah. Gashin bakinka ya rufe leɓɓan gaba ɗaya, abin da na gani kawai gemu yana sama yana ƙasa kamar bunsuru na tuƙa. Ta ce to ta rubuto min saƙonka a wayar. Da wane karatun? Ni ajami na sani, kuma ajamin ma naka.

Akwai wani abu. Layin da kake rufe kowace wasiƙa da shi, wannan "ban gaji ba" ɗin da ka fara rubuta min tun muna yara in na tambaye ka ko hannunka ya gaji, na karanta shi sau uku a wannan karon. Ba zan ce komai ba tukuna.

Na ba Bachir wagashi guda huɗu, biyu naku, biyu a kai wa Goggo Housseina a Kolokondé in an sami mai zuwa. Ka ƙirga su a gabansa, na san halinsa da cuku.

Babbar sallah saura wata biyu. Na riga na wanke allonka, na sayi alli sabo. Kwana ukun nan da kake yi mana duk shekara su nake ci har shekara ta zagayo.

Ƙanwarka,
Rakia

*

Djougou
5 ga Mayu

Rakia,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Lauratu da Hafsatou suna gaishe ki. A gaida Alhaji da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Wagashi ya iso guda huɗu cif, Bachir ya ce in gaya miki ya ji haushi.

Ki yi haƙuri da gajeriyar takarda. Lokacin neman aikin gwamnati ne, kuma kin san sai da takardar nema rubutun hannu. Tun safe yara ke yin layi a teburina gaban meri, ofishin magajin gari, kowa yana son nasa ya fi na kowa kyau. Kafin la'asar na rubuta faransanci har ya ishe ni. Biron bik ɗin da ake sayarwa yanzu ma ba shi da kirki.

An yi ruwan fari ranar Laraba. Goggo tana nan da ƙarfinta, ta ce doyarsu ta fara tsiro, kuma ta ce ke marowaciya ce, cuku biyu.

Maganar sallah, in Allah ya yarda. Amma kada ki sa rai da yawa, akwai 'yan hidimomi.

Ban gaji ba.

Yayanki,
Hamissou

*

Djougou
22 ga Yuni

Goggo Rakia, ni ce Hafsatou nake rubutawa, Baba yana faɗa min. Ki yi haƙuri da ajamina.

Ya ce a gaishe ki da sallah, a gaida Alhaji da Halimatou. Ya ce ya ga wasiƙunki biyu da kika aiko kafin sallah, bai samu sukunin amsawa ba. Ya ce ki yafe masa rashin zuwa, abubuwa ne suka sha kansa. Ya yanka ragonsa lafiya, da hannunsa ya feɗe, ga soyayyen nama nan Mama ta ba Bachir a cikin gwangwani.

Ya ce daga yanzu ni zan riƙa rubuta miki, shi yana faɗa, don ya ga aiki ya yi masa yawa, kuma wai hakan zai sa ki riƙa samun labari da yawa kamar da. Ya ce kada ki sa komai a ranki.

An yi ruwa sosai, hanyar Kolokondé ta lalace. Akuyar Mama ta kusa haihuwa.

Na tambaye shi ko in rufe da abin da ya saba rufewa. Ya ce in bar shi haka.

'Yarki,
Hafsatou

*

Banikanni, Parakou
26 ga Yuni

Yaya Hamissou,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Naman ya iso, an gode.

Ga takardar Hafsatou nan na mayar maka a cikin ambulan ɗin nan. Ka gaya mata ba ita na ƙi ba, yarinyar kirki ce, kuma ajaminta zai gyaru. Amma in kana son ka san yadda na ji, ka tuna ranar da ka yi sallama a ƙofar abokinka aka aiko yaro ya ce maka wai ba ya nan.

Ranar sallah na yi girkin mutum shida. Na ajiye allo a kan tabarma inda kake zama. Duk babur ɗin da ya shigo layinmu sai na ga inuwarsa ta ƙarƙashin ƙofa in miƙe. Har magariba. Halimatou ce ta ɗauke allon ba ta dube ni ba. Sai washegari ta zaunar da ni ta gaya min abin da ta ɓoye kusan wata guda: ta gan ka a Parakou. A bakin babban asibiti, kana hawa zem, babur ɗin haya, da hularka mai ruwan ƙasa. Ta ɗaga maka hannu ba ka gani ba. Daga nan zuwa ƙofata ko ruwan shayi ba zai tafasa ba, Yaya. Ban san wa ka zo dubawa ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san wadda ba ka zo dubawa ba.

Yanzu zan faɗa maka abin da na riƙe shekara arba'in ban faɗa wa kowa ba.

Ranar da na farka daga ciwon nan na ga bakin Inna yana motsi ba na jin komai, kai ne ka kama tafin hannuna ka rubuta sunana da yatsa. Daga nan ka koma allo. Duk abin da aka faɗa a gidanmu kai kake rubuta min. A nan na gano wani abu game da kai wanda kai kanka ba ka sani ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to kai naka a hannu yake. In ka rubuta gaskiya, alif ɗinka a tsaye yake kamar tabarya. In ka rubuta abin da ba haka yake ba, hannunka rawa yake yi.

Ka tuna matar nan da ta zo ganina saboda ɗanta, ina da shekara goma sha bakwai? Ta yi magana mai tsawo a ɗakin Inna, na miƙo maka allo. Ka rubuta, "Ta ce kina da ladabi." Harufan suna karkarwa. Ban tambaye ka ba. Daga baya na sani cewa ta yi me za su yi da kurma a gida.

Ka tuna shekarar da Inna ta kwanta, ina nan Parakou da goyon fari? Ka rubuto, "Inna tana samun sauƙi." Washegari ka gan ni a ƙofar gida da jakata. Ka tambaye ni wa ya gaya min, na ce mafarki na yi. Ba mafarki ba ne. Layin nan ne ya yi rawa, kuma saboda shi na samu kwana biyu da ita kafin ta cika.

Ban taɓa jin haushin waɗannan ba. Ƙaryar tausayi ce, kuma ita ce ta sa na yarda da sauran duk abin da ka rubuta min.

To tun watan azumi nake kallon wasiƙunka. Gaisuwa a tsaye. Labarin ruwa a tsaye. Doyar Goggo ta ɗan karkace amma da sauƙi. Sai an zo ƙasa, wurin "ban gaji ba", nan ne alƙalami yake rawa har yana huda takarda. Sau huɗu a jere. Na ce bari in jira, wataƙila idona ne. Sai ga shi ba ka zo ba, sai ga hannun wata, sai ga shi ka ce a bar layin ma gaba ɗaya.

Na gane, Yaya. Kuma wallahi ban ga laifinka ba. Shekara arba'in kana ɗauke da kunnuwan wani ban da naka. Ko jaki ne ya isa a sauke masa kaya. Abin da ya yi min ciwo kawai shi ne da ka bari hannunka ya faɗa min kafin bakinka.

Na sauke maka. Kada ka sake rubutowa don dole, kada kuma ka wahalar da yarinya. In an yi haihuwa ko rasuwa, Bachir zai gaya wa Halimatou.

Ina kewarka, ba zan ɓoye ba. Amma na fi son kewa da a riƙa ciyar da ni da cokalin gajiya.

Rakia

*

Banikanni, Parakou
4 ga Agusta

Yaya,

Sallama. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya.

Na ce kada ka rubuto, ka kuwa bi maganata. Tun yaushe ka fara jin maganata? Shekara nawa ina cewa ka rage gashin bakin nan?

Sati biyar ke nan. Duk Talata ina samun abin da zai kai ni bakin titi wajen da Bachir yake sauke fasinja. Wani mako barkono, wani mako zare. Yana hango ni sai ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya girgiza kai. Wannan makon har ya sayo min gasasshiyar masara, don kunya.

Na ciro tsofaffin wasiƙunka daga cikin kwalla. Sun cika buhun shinkafa biyu, ban san sun kai haka ba. Ina karanta ɗaya kullum bayan na gyara maigida. Jiya na karanta wadda ka ba ni labarin ranar da saniya ta shiga meri, na yi dariya har Halimatou ta leƙo. Sai kuma dariyar ta juye.

Ban janye abin da na faɗa ba. Amma in kana da rai da lafiya, ka sa ko ɗigo ɗaya a takarda ka ba Bachir. Gidan nan ya yi shiru, kuma ka san ni ba na faɗin haka da wasa.

Rakia

*

Djougou
Litinin, 12 ga Agusta

Ban gaji ba.

Na sa shi a sama, gaban sallama ma, Allah ya yafe min. Ki dube shi da kyau. Yanzu kuma assalamu alaikum, Rakia. Muna lafiya, a gaida Alhaji. Wannan wasiƙa za ta ɗauke ni kwanaki, don layi bakwai ko takwas nake samu a rana kafin hannun ya ƙi. Ba zuciyata ce ke rawa a ƙasan takarda ba, hannun ne, kuma ƙasan takarda ne kawai don nan yake isowa a gajiye. Da na san da me kike auna ni, da tuni na juya wasiƙar kai ƙasa. Ga shi ya fara. Akuyar Lauratu ta haifi biyu.

Talata

Abin ya fara tun bara da kaka. Ina cikin rubutu sai manuniyata ta danne bik kamar za ta karya shi, wuyan hannu ya lanƙwashe ciki, gwiwar hannu ta ɗaga sama ba da izinina ba. In na matsa masa sai rawa ta biyo baya. Abin mamaki, in na ajiye bik shi ke nan, lafiya lau. Ina ɗaura zare a allura. Ina zuba shayi daga sama ko ɗigo ba ya zuba. Ragon sallah ni na feɗe shi. Shi ya sa ba wanda ya yarda ciwo ne. Wani yaro da na ɓata masa takarda sau biyu ya ce tsufa ne in ba matasa wuri. Lauratu ta ce hannu aka sa min, ta yi ta kawo rubutu ina sha. An yi ruwa jiya.

Laraba

Ranar da Halimatou ta gan ni, ba wani na je dubawa ba, kaina na kai. Wadda ta duba ni likitar jijiya ce, yarinya, ba ta fi Hafsatou da yawa ba. Ta sa na miƙe hannuwa, na taɓa hanci, na ɓalle maɓallin riga na mayar. Ta sa na rubuta sunana da yatsa a kan teburinta, ya fita sumul. Sannan ta ba ni bik ta ce in zana da'ira tana naɗewa kamar gammo. Kafin zagaye na huɗu gammon ya zama ƙaya. Ta ce ba shanyewar jiki ba ce irin ta Alhaji, ba kuma rawar tsufa ba ce. Ta ce ana kiransa kamewar hannun marubuci, kuma wasu masu shi yana zo musu da rawa, ni ina cikinsu. Hannun ya san aiki ɗaya ya ƙi shi, sauran duk yana yi.

Alhamis

Ta ce da sannu zai wuce, in kwantar da hankalina. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in naɗa tsumma a jikin bik ya yi kauri, in riƙa hutawa. Ta ce wasu suna koyon hagu. Na gwada, in kin ga abin da ya fito sai ki ce kaza ce ta taka tawada. Na gano kuma in na ɗora yatsan hagu a bayan hannun yana ɗan lafawa, da haka nake rubuta miki yanzu. Teburin gaban meri na bar wa Hafsatou, ni ina zaune gefe ina faɗa mata. Mutane suna gaishe ni kamar mai takaba.

Juma'a

Kin ce ban zo ƙofarki ba. Na zo. Mai zem ya tsaya da ni a bakin layinku, na hango ƙofar nan shuɗiya da zanin Alhaji a kan igiya. Na san ina shiga za ki miƙo min allo da alli kina murmushi, ki zauna kina jira. Alli ma haka yake min. Na ga kaina ina kokawa da hannuna a gabanki, kina kallo, ba ni da ta yadda zan yi miki bayani sai da hannun da ya ƙi. Na ce wa mai zem mu wuce tasha. Na yi kuka a motar Bachir, ya ɗauka mutuwa aka yi, na roƙe shi ya rufa min asiri. Kada ki ga laifinsa.

Asabar

Akwai dalili na biyu, shi ne babba. Likitar ta tambaye ni awa nawa nake rubutu a rana, shekara nawa. Na san in kin ji wannan tambayar za ki je ki auna buhunan nan naki biyu ki ce ke kika cinye min hannu. Na san ki. To ki ji: takardun meri na rubuta don tuwo, naki na rubuta don ni. In da za a dawo min da hannun sabo a ce in zaɓi inda zan ƙarar da shi, wurinki zan kawo. Layin nan na uku ne a yau, ki duba shi.

Lahadi

Shekara arba'in kina karanta ni kamar allo ban sani ba. Da na karanta wasiƙarki na yi kwana biyu ina jin kunya, kamar wanda aka ce masa tun safe rigarsa a yage take. Sannan na yi sati ina fushi. Sauran kwanakin ina neman ta inda zan fara. Abin da ya sa na ce wa Hafsatou ta bar layin nan, ban so ya fito daga hannun kowa ba. Ina kewarki, Rakia. Ba ni da wanda nake ba labarin banza sai ke, ga labarai sun taru sun yi min yawa. Sabuwar doya ta fito, Goggo ta aiko da guda goma daga Kolokondé, manya. Yanzu kam hannun ya ƙi sam. Ɗan akuya ɗaya fari ne ɗaya

Hamissou

*

Banikanni, Parakou
21 ga Agusta

Yaya Hamissou,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya. Ina yi maka sannu da jiki, sannu, sannu. Allah ya sa kaffara ne.

Bachir bai jira na fito neman barkono ba. Har gida ya shigo yana ɗaga ambulan sama kamar ya ciyo kofi. Na karɓa, na ja masa kunne saboda asirin da ya rufa, sannan na ba shi abinci.

Na ga layin farko. A tsaye yake kamar tabarya. Na sa shi a gaba na yi ta kallo har tuwo ya kama a tukunya. Na ga na Asabar ma. Ka yafe min, Yaya. Ina taƙama na fi kowa sanin hannunka, ga shi yana ciwo wata da watanni a gaban idona, ni kuwa ina can ina tuhumarsa. Ka bar ni kuma da ɗan akuya ɗaya ba launi. In rawa ce shaidar ƙarya, to akuyar nan ba ta haihu ba sam.

Amma ban zubar da ilimina duka ba. Na jera kwanakin nan bakwai a kan tabarma na duba su da rana tsaka. Yanzu na ga rawa iri biyu ce. Ta ciwon tana danna takarda, tana zuwa a ƙasa. Waccan ta da, wadda na sani tun muna yara, sama-sama take, kamar alƙalamin ba ya son taɓa takardar. Na same ta wuri ɗaya tak. Layin farko na ranar Alhamis, da safe, hannu bai gaji ba: "Ta ce da sannu zai wuce."

Ba haka ta ce ba, ko?

Ba komai. Na karɓe ta yadda na karɓi ta Inna, kuma ka san abin da na yi a wancan karon. Na yi magana da maigida, ya ba ni kwana uku. Halimatou za ta kula da shi, ta iya juya shi yanzu. Shekara shida rabona da Djougou. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu ina gidan gaba a motar Bachir.

Kada ka nemi allo, kada ka sayi alli. Kai da kanka ka rubuta cewa sunanka ya fita sumul da yatsa a kan teburin likita, ka wuce wurin kamar ba komai ba. Ka manta da me ka fara yi min magana? Tafin hannuna yana nan. Ya yi kaushi da wanki, amma ya fi na da faɗi, zai ci labari da yawa. Ka fara tara su, ina son na yaron da ya ce ka tsufa, da abin da ka mayar masa.

Bayan na dawo, layi ɗaya a wata ya ishe ni, ka san wanne. Sauran Hafsatou ta rubuta, zan karɓa, zan ma gyara mata ajamin. Ranar da layin ɗayan ma ya gagara, ka shigo mota ka kawo yatsan.

Ka ce wa Lauratu ta ajiye min doya biyu cikin na Goggo, sakwara nake so. Ka kuma rage gashin bakin nan kafin in iso.

Shekara arba'in kai kake rubuta shi ina karantawa. Yau karɓi nawa, ka kai shi rana ka duba da kyau.

Ban gaji ba.

Ƙanwarka,
Rakia